Direban Itace da Mai Gawayi

A bayan gidan burodi Dogo ya fara ganinta. Ya shigo da motar babansa shaƙe da itace, ya yi ribas har bakin tanda kamar yadda ya saba duk Litinin, sai manaja ya ɗaga masa hannu.

"Kar ka sauke tukuna. Gwaji muke yi."

Wata budurwa ce tsugune a bakin wutar, tana jera wasu baƙaƙen curi masu rami a tsakiya. Wutar ta yi jajir, amma hayaƙi ko na magani babu.

"Mene ne wannan?" in ji Dogo.

"Gawayi," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Na garin katako da ɓawon gyaɗa. Ba a sare ko reshe ɗaya ba."

"To ni da na kwaso daji guda fa?"

Sai a lokacin ta dube shi. Ta kalli motar, ta kalle shi daga sama har ƙasa, tana danne dariya.

"Allah ya yafe maka."

A ranar, da rabin itacensa ya koma gida. Haushi ya kamata ya ji, amma duk hanya murmushi yake yi shi kaɗai.

Bayan kwana uku ya hango ta a layin kafintoci, tana kokawar ɗaura buhun garin katako a kan keke. Ya taka birki.

"Motar nan fanko take komawa. In ba ki ƙyamar motar masu laifi."

Haka ya san wurin aikinta, tsohon garejin kawunta. Ganguna huɗu na ƙona garin, injin matsawa na hannu da wani mai walda ya haɗa mata, da fallayen kwano da ake shanya curin a rana. Mata uku ke taya ta. Ta gaya masa tarin kakarta ne ya sa ta fara, tsohuwar da ta shekara hamsin tana shaƙar hayaƙin murhu.

Tun yana kawo buhu ya juya, har ya koma zama yana murza injin. Ya raɗa mata suna Garwashi. Ita kuwa ba ta taɓa ce masa komai ba sai Direba.

Wata safiya ya tura mata saƙo a waya: "Garwashina, yau na wuce gidan mai ban sha ba, tunaninki ya ɗauke ni. In motar ta mutu a hanya, laifinki ne."

Ta amsa: "Direbana, in ta mutu ka kira ni, in zo da kekena in ɗauke ka. Ka ci abinci dai."

Ya karanta saƙon ya fi sau goma.

Amma rana dubu ta ɓarawo. Baba, wanda ya shekara talatin yana sayar da itace, ya riga ya rasa gidajen burodi uku. Wata yamma ya leƙa bayan motar, ya dumbuzo garin katako a hannunsa.

"Wato motata ce ke yi wa mai kashe mini kasuwa dako."

"Baba, sonta nake yi. Da aure."

"Da itacen nan na raine ku, kai da ƙannenka. Yau shi ne abin kunya?" Ya miƙa hannu. "Ba ni makulli. Kuma kar in sake jin zancenta."

Dogo ya miƙa. Kwana biyar ya kasa kiranta, don bai san da wane baki zai ce babansa ya ƙi ta ba. Manajan gidan burodi kuwa, wanda ya daɗe yana yi mata tayin sabon inji da kuma kansa, ya samu ƙofa.

A rana ta shida saƙonta ya shigo: "An ce babanka ne ya turo ka ka ga yadda nake haɗawa. In haka ne, da ka tambaya kawai, ni ba na ɓoye wa kowa. Zuciyata ce bai kamata ka taɓa ba."

A ƙasa ya taka har garejin. Ya same ta tana murza injin ita kaɗai, idanunta sun yi ja. Ya gaya mata komai, bai rage ba.

Ta saki injin, ta ce, "Shirunka ya fi maganar manaja ciwo. Kar ka sake."

"Ba zan sake ba."

"To gobe zan je in gaida Baba."

Ta zo da hantsi, ta durƙusa nesa da kujerar Baba a filin da yake sayar da itace. Dogo na raɓe a jikin mota.

"Baba, ban zo gardama ba. Tambaya ɗaya ce. Da can awa nawa ake yi a samo itace?"

Baba ya so ya share ta, amma gaskiya ta fi ƙarfinsa.

"Awa ɗaya."

"Yanzu fa?"

"Shida." Ya kau da kai. "Inda na fara sara, yau ko akuya ba za ta sami inuwa ba."

"Ni na iya yin gawayi, Baba, amma ban iya kasuwa ba. Ku kuka san duk mai hura wuta a garin nan. Ga fili, ga mota. Ni gareji ya yi mini kaɗan."

"Abin da ban taɓa gwadawa ba zan sayar wa mutane?"

Umma, wadda ta kawo masa ruwa, ta ajiye kofin a hankali.

"Malam, wata biyu ke nan da shi nake dafa abincinka. Kai da bakinka ka ce idona ya daina hawaye."

Baba ya kalli matarsa, ya kalli ɗansa.

"Ashe har cikin gidana aka ci ni da yaƙi."

Bai amince a ranar ba. Sai da ya yi mako yana fushi, sannan wata safiya ya ce wa Dogo ya kai shi garejin. Ya zagaya wurin, hannu a baya, ya ɗaga buhu ya jijjiga.

"Wa ya koya muku ɗura kaya haka? Kafin a kai, rabi ya zama gari. Kawo igiya."

Garwashi ta kalli Dogo ta gefen ido. Shi kuwa ya duƙar da kai don kar Baba ya ga haƙoransa.

Kafin watanni huɗu ganguna sun koma filin itacen, sun zama goma sha biyu, mata masu aiki sun kai tara. Baba ne ke zagaya tsofaffin abokan cinikinsa, yana yabon gawayin kamar shi ya ƙirƙiro shi. Shi da ƙafarsa ya je wajen kawunta neman aure.

Ranar da aka ɗaura, bayan jama'a sun ragu, ya sa aka kira masa su biyun. Suka durƙusa a gabansa.

"Ke 'yata, na ba ki ɗana. Yana da nauyin baki, ki yi haƙuri da shi. Kai kuma, ka samu wadda ta fi ka kai, sai ka fi ta kirki. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa jikokina su tarar da inuwa."

"Amin," in ji Umma, tana share ido da bakin mayafi.

Dogo ma ya ce amin. A ƙarƙashin mayafi amaryarsa ta lalubo hannunsa ta riƙe, shi ma ya riƙe gam.