Ɗakin Da Ni'imatu Ta Gina Wa Na'ura

Zamanin soja ne. Ni'imatu, ɗiyar wani mahauci, tana aikin kwamfuta a wani ofis kan Sama Road. Na'urar tana gwada aikinta da kanta: ta kira sassan shirinta ɗaya bayan ɗaya, kowane ya amsa. Ranar nan ɗaya ya ƙi amsawa. Jinaidu, abokin aikinta, shi ne ya rubuta sashen, shi kaɗai ya san inda ya ajiye, ga shi ya rasu, an binne shi tun damina.

Manjo, shugaban ofis, ya ce in gari ya waye ba a gyara ba, ta nemi wani aiki. Tsohonta ya kwanta ciwo, albashin nan ne tuwon gidan.

Ta duba fayafai kaf, babu. Sai ta yi dabarar masu aikin: ta buɗe sabon wuri a cikin na'urar, ta sa masa sunan abin da ya ɓace, ta bar shi wayam, don dai a kira a ji amsa. Mai hankali ba ya gina ɗaki ya bar shi buɗe da magariba, amma ba a koya wannan a boko.

Mode maigadi ya leƙo ya ce an kira sallar magariba. Ta ce ya je, tana tafe.

Gwaji ya wuce lafiya. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji komai ba.

Fanka ta tsaya. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

Ta buɗe wurin da ta bari wayam. Ya cika da rubutu. Yana ƙaruwa.

Maɓallan suna nutsewa su kaɗai.

Na'urar ta kira wani sashe. Sunan Ni'imatu ne.

Ta zare wayar wutar na'urar daga bango. Gilashin na'urar bai mutu ba. Sanyi ya kama yatsunta, ya hau zuwa ƙirji. Bakinta ya buɗe zai amsa.

"Kar ki amsa, ɗiyata," in ji Mode a kunnenta. Ya ja ta waje da mayafi.

Da safe Manjo ya yaba, aiki ya tsaya mata. Tana kawo hatsi gida har yau. Sai dai sanyin nan bai bar ƙirjinta ba: ba ta dariya, ba ta jin gishiri a miya. Ran da tsohon ya rasu ta wanke kwanuka, ta tafi ofis.