Tsibirin Malam Garba

Ranar Laraba ce, an kwana ana ruwa, tabkin Madarumfa ya cika har ya taɓo lambuna. Hussaina na tsugune a tsakar gida tana gyaran kifi, hawaye na zuba.

"Na ce ba ki aurensa!" in ji mahaifiyarta, Inna Ɗelu. "Mutum ba gona, ba komar kamun kifi, sai yawo bakin ruwa da kyamara a wuya!"

"Inna, sana'ar Mubarak ke nan fa..."

Sai ga Idi, ɗan baffan Hussaina da ya daɗe yana sonta, ya faɗo gidan riƙe da kyamara. Mubarak na biye da shi yana haki, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Inna, na ƙwato ta! 'Yan mata yake ɗauka wurin wanki. Duba da idonki!"

Hussaina ta miƙe zumbur, ta kalli Mubarak.

"Kwantar da hankalinki, sanyin idona," in ji Mubarak a hankali. "Bari ta duba."

Idi ya shiga latsawa. Kwale-kwale. Shamuwa. Yara na jan koma. Budurwa ko ɗaya babu. Gumi ya keto masa, ya ƙara latsawa...

"Tsaya!"

Inna ta damƙe hannunsa.

Hoton ɗan tsibirin nan ne na tsakiyar tabki, wanda ruwa ya shanye bara. Ga gawon, ga bukkar. Ga mijinta marigayi, Malam Garba, zaune yana ɗinkin koma, hularsa a karkace kamar kullum.

"Malam da bai yarda da hoto ba?" in ji Inna.

Mubarak ya ce, "Shi ya kira ni, Inna. Ya ce in ɗauki wurin kafin ruwa ya tafi da shi, don jikokinsa su san inda ya yi rayuwa."

Inna ta shafa gilashin da yatsa.

"Nan nike kai mai tuwo ina amarya... Ji hular nan! Kullum sai na gyara ta."

Ta yi dariya, ta share ido da gefen zane.

"Kai, mai takalmi guda! Ka wanko mini shi babba. Sannan ka turo manyanka."

"Inna!" Hussaina ta rufe fuska, tana leƙen Mubarak ta tsakanin yatsu.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Idi ma ya zo, har ya gyara tsayuwa a ɗauke shi hoto.

Abin da aka rasa dai: tsibiri ɗaya da gawonsa, takalmin Mubarak na hagu, da kifi uku da kyanwa ta kwashe ranar, kowa na kallon Malam.