Gezar Dokin Iorwuese

Ranar jajibirin baje kolin amfanin gona na Lafia, a 1957, na fita da la'asar sakaliya ɗauke da mataji da zare da allura da ɗan man kaɗanya a gwangwani. Zan je in yi wa doki kitso. Abin da ya fitar da ni ke nan. Ina so kwamitin baje kolin, waɗanda suka hana ni taka filinsu bisa zargin wai na yanke gezar dokin mutum, su karanta wannan a tsanake.

Dokin na Iorwuese ne, manomin doya daga Agyaragu, wanda na koyar da 'ya'yansa kafin in yi ritaya. Dokin baƙi ne wuluk, gezarsa har kafaɗa. A hannun wani falken gishiri na garin Awe ya saye shi, zai sa shi gasar kwalliyar dawaki. Wanda zai kara da shi Muntaka ne, dillalin dawaki, da ya saba cinyewa. Ni kuwa a gidanmu na koyi kitson geza tun kafin in riƙe alli.

An ɗaure dokin a wata rumfa bayan gari, bakin rafi. A hanya na yi kiciɓis da Muntaka yana dawowa daga can.

"A'a, Malam! Yau ɗalibin mai ƙafa huɗu ne? Ina bulalar?"

"Me ka je yi can?"

"Shan iska. Ko ita ma sai da izinin hedimasta?"

Na wuce, amma na riƙe abin a raina.

Na tarar da Iorwuese yana zuba wa dokin dusa. Na jiƙa gezar, na fara tajewa, sai mataji ya maƙale. A can ƙasa, kusa da kafaɗa, akwai wani siririn kitso ɓoye cikin gashin. A matse yake kamar igiya, kuma baibai aka yi shi, irin na bahago. Warin jiƙaƙƙen gishiri yake yi.

"Wa ya yi wannan?"

Iorwuese ya rage murya. "Malam, bar shi. Mutumin da ya sayar mini ya ce doki yana da wani mai hawa da ba a gani. Wannan kitso linzamin shi ne. Ba a kwancewa."

"Linzamin Muntaka dai. Yanzu na gan shi. So yake alƙalai su ga kitso a karkace su kayar da kai."

"Tun Awe yana nan, Malam."

"Haka aka gaya maka. Je ka samo fitila, duhu zai kama mu."

Yana tafiya na sa bakin allura na warware shi. Har gobe ina cewa duk mai sana'ar da ya san aikinsa haka zai yi. Ban taɓa karɓar karkataccen rubutu daga yaro ba, ba zan bar karkataccen kitso a wuyan doki ba.

Na fara daga bayan kunne. A raba gashi daidai, a shafa mai kaɗan, a kasa shi uku, a matse daga tushe ba tare da an ja fata ba. In an kai ƙarshe a naɗe, a ɗinke da zare. Irin wannan kitso ko sukuwa doki ya yi ba ya kwancewa.

Rana ta faɗi. Daga gari na jiyo kiran sallar magariba can nesa. Kwaɗin rafi suna ta kuka.

Sai suka yi shiru gaba ɗaya.

Dokin ya daina tauna. Kunnuwansa suka kwanta. Warin gishirin nan ya cika rumfar.

Na waiwaya in duba aikin da na bari a baya. A kwance yake duka. Zaren yana ƙasa, ba a tsinke ba, an zare shi a hankali.

"Muntaka, fito! Wasan yara kake yi da ni?"

Na sunkuya na leƙa ta ƙarƙashin cikin dokin. Ƙafafunsa kawai na gani. Babu ƙafar mutum.

Na miƙe na sake kama gashin. Wani ya ja shi daga ɗaya gefen.

Yatsu suka taɓa nawa. Sanyi ƙalau, a jiƙe, da kaushi kamar dutsen gishiri.

"Wa ya kwance?"

Raɗa ce, dab da kunnena.

"Tun Awe nake riƙe da shi. Yanzu da me zan riƙe?"

Na ji wani ɗan sauti, tsit, tsit, tsit. Gashin gezar yana fita daga fatar, siri bayan siri. Dokin yana karkarwa, bai yi haniniya ba.

Aka kama gemuna.

Yatsun suna aiki da sauri, baibai. Kaina ya sunkuya. Nauyi ya sauka a kafaɗuna, gwiwoyi biyu suka matse mini wuya.

"To, kai ma ka isa."

Na buɗe baki da ƙyar na ja A'uzu. Dokin ya yi tsalle, ya tumɓuke turke, kafaɗarsa ta make ni waje. Na tashi na zura da gudu, ba takalmi, ba hula.

Na shigo gari ana fitowa daga masallaci. Wanda ya fara ɗaga fitila a fuskata Muntaka ne.

"Jama'a, ku zo ku ga gemun Malam!"

Baƙin gashin doki ne kitse cikin furfurata, har ƙirji. Iorwuese kuwa ya tarar da dokinsa a bakin rafi, wuya fayau. Kwamiti suka zauna, ba su bar ni na gama magana ba, suka ce na yanke don in yi tsafi. Muntaka ya ci gasa. Iorwuese bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, na ce ka bar shi." Tun ranar bai sake gaishe ni ba.

Ga tambayoyina. Ina almakashin da na yi yankan da shi? Wane mutum ne zai kitse gemunsa baibai alhali ba bahago ba ne? Wanzami ya aske mini shi tas, bayan magariba gashin ya dawo. Gashin da aka yanke ba ya tsiro, wannan kuwa yanzu ya kusa cibiya. Da safe nakan tashi wuyana a sage, tafin ƙafata fari fat da gishiri, ni da ban taɓa zuwa Awe ba.

Ina neman kwamiti su janye hukuncinsu a bainar jama'a, gaban Iorwuese. In suna shakka, su zo zaurena da magariba su zauna su gani. Muntaka kuma, tunda ya ce kitson hannuna ne, ya zo ya kwance shi da nasa hannun.

Na ajiye masa allurar.