Layi na Talatin da Ɗaya

Ku matso kusa. Balki, bar taunar gyaɗar nan. Abin da zan gaya muku, Nafi'u abokin Yaya Mudi ne ya gani da idonsa.

Ma'aikatar ruwa ta ɗauke shi aiki tare da wani Isiyaku. Aka ba kowa jerin rijiyoyi talatin. Aikin iri ɗaya ne. Ka zura igiyar awo, ka rubuta zurfin a jadawali, ka wuce ta gaba.

Isiyaku akwai zafin nama. Kullum sai shugabansu ya ɗaga takardarsa ya ce, "Kun ga aiki." Nafi'u kuwa zuciyarsa na tafasa. Ko sunansa ba ya son ji.

Ran nan ya rantse sai ya riga shi gamawa. Ya bar mutane suna cin abinci, ya nufi wata tsohuwar rijiya a bayan gari. Shi kaɗai, rana tsaka.

Ba kukan tsuntsu. Ba iska. Sai wani tsoho zaune a bakin rijiyar. Ƙasa a bushe, amma ƙafafunsa na ɗigar ruwa.

"Sannu, Baba."

"Yawwa, ɗana. Isiyaku ya sha gabanka ko?"

Bakinsa ya motsa, amma daga cikin rijiya muryar ta fito. Nafi'u ya lura sarai. Hassada ce ta hana shi gudu.

"Karanto sunayen," in ji tsohon.

Yana karantawa, tsohon na faɗin zurfi, shi yana rubutawa. Ta Maƙera, gaba tara. Ta Gangare, gaba goma sha biyu. Har talatin.

"Saura ɗaya."

"Sun ƙare, Baba."

"Duba dai."

Can ƙasa ga sabon layi, da rubutun hannunsa: Isiyaku. Gurbin zurfin fayau.

"Kamu nawa za a haƙa masa? Kai za ka rubuta."

Nafi'u ya ce wallahi sai da bironsa ya taɓa takardar. Sannan ya yi a'uziyya, ya jefa ta cikin rijiyar, ya zura da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kwana bakwai yana zazzaɓi. Isiyaku ne ya fara zuwa dubiya.

"Ka yafe ni," in ji Nafi'u.

Isiyaku ya ce, "Ran nan da tsakar rana na ji kamar ana gwada tsawona da igiya mai sanyi. Daga kai aka fara. A gwiwa aka tsaya."

To, kun ji. Kada wanda ya je rijiyar nan shi kaɗai, balle da wani a ransa.