Haƙorin Ƙaramar Malama

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Wata yarinya ce 'yar aji biyu, shekarunta shida da rabi. Allah ya ba ta kaifin karatu. Allon kanti, takardar magani, jaridar da Baba ya ajiye, duk ba ta bari su wuce ta. Shi ya sa a gida ake ce mata Ƙaramar Malama.

A laburaren makarantarsu, an manna wa kowane littafi 'yar alama a baya. Koriya ta ƙananan azuzuwa ce, ja kuwa ta manya. Kafin zangon karatu ya raba, yarinyar nan ta gama da duk masu koriya.

Wata Litinin ta je wurin malamin laburare.

"Malam, ni fa na gaji da labarin kaza da 'ya'yanta. Layi biyu, sai hoto."

Malam ya yi murmushi. "Na sani. Ki dawo ran Alhamis, mu zauna mu zaɓa tare."

Alhamis ta yi mata nisa. Da Malam ya juya yana jera katuna, sai ta taka kujera, ta zaro wanda ya fi kowane kauri cikin masu jar alama. Ta cusa shi a jaka, ta fita sumsum.

A gida ta shige bayan ƙofar ɗaki ta buɗe. Labarin matuƙan jiragen ruwa ne na zamanin da. Kalmomin ba su gagare ta ba. Tana ta tafiya har ta kai inda wata cuta ta kama mutanen jirgin. Da farko dasashinsu ya fara jini. Daga nan haƙora suka soma girgiɗi. Bayan haka sai mutuwa, a jefa gawa cikin teku.

Ta rufe littafin, ta tura shi ƙarƙashin katifa.

Da safe tana goge baki, sai ta ga ɗan jini a buroshi. Ta taɓa haƙorinta na gaba da harshe. Ya motsa.

Ta sha ganin yara da wawulo a ajinsu, amma babu wanda ya taɓa ce mata abin da jini yake farawa. Ta so ta tambayi Mama, sai ta tuna za a ce a ina ta ji. Ta so ta tambayi Malam, sai ta tuna kujerar da ta taka. Don haka ta ɓoye abin a ranta.

Kwana biyu ba ta cin abincin kirki. A aji Malama ta kira ta karatu, ta ce kanta na ciwo. A rana ta uku ta ɗauko fensiranta masu launi ta miƙa wa yayanta.

"Yaya, ungo. Na bar maka."

Yaya ya dube ta sama da ƙasa. "Ke? Ke da ko taɓa su aka yi sai kin tara mana unguwa? Mama, zo ki gani, 'yarki ba lafiya!"

Mama ta fito tana goge hannu. Ta zaunar da ita a cinya.

"Faɗa mini, uwata. Me ke damunki?"

Yarinya ta fashe da kuka. "Mama, mutuwa zan yi. Cutar 'yan jirgin ruwa ce ta kama ni."

Ta buɗe baki ta nuna haƙorin. Sannan ta je ta jawo littafin.

Yaya ya faɗi ƙasa yana dariya. "Wane jirgi kika hau? Bahon wanki?"

"Kai, rufe mana baki," in ji Mama. "Kai da ka yi taka famfarar, har maƙwabta sai da suka zo ba ka haƙuri." Ta juyo wurin 'yarta. "Haƙoran yarinta ne za su zube, na girma su fito. Kowa da haka ya wuce. Amma wannan littafin, wa ya ba ki?"

Yarinya ta sunkuyar da kai.

Washegari Mama ta raka ta laburare. Yarinya ta ajiye littafin a tebur, ta ba Malam haƙuri da bakinta, ta faɗi duk abin da ya faru.

Malam ya buɗe shafi biyu gaba da inda ta tsaya. Ya nuna mata cewa mutanen nan watanni suka yi a teku ba ganye, ba 'ya'yan itace. Da suka sami lemo, sai suka warke.

"Bakinki ya iya karanta shi," in ji Malam. "Amma don manya aka rubuta shi, waɗanda suka riga suka san abubuwa da yawa. Ke kuma kin ɗauka a ɓoye, kin rasa wanda za ki tambaya. Mako guda ba za ki tafi da littafi gida ba. A nan za ki riƙa karantawa."

"To, Malam. Amma labarin kaza zan koma?"

"A'a, kaza ta huta."

Ya sauko da littattafai guda biyar. Kowanne sai ta karanta shafin farko, ta gaya musu abin da ta fahimta. Mama kuma tana duba tsakiya da ƙarshe. Ɗaya ya yi mata sauƙi, aka ajiye. Ɗaya Mama ta ce sai nan da shekara uku. Suka tsaya a kan wani mai bayanin rayuwar ƙudan zuma. Akwai kalmomi masu wuya a ciki, babu abin firgita.

Ran Juma'ar da ta biyo baya haƙorin ya fita tana cikin cin ayaba. Ba ta yi kuka ba. Ta kurkure baki, ta tafi makaranta da wawulonta, ta zauna kusa da teburin Malam. In ta ci karo da abin da ba ta gane ba, sai ta ɗaga hannu.

To yara, kun ji. Iya karanta littafi ba shi ke nuna ya dace da kai ba. In za ka zaɓa, ka nemi babba ya taya ka. In kuma ka karanta abin da ya tsorata ka, kada ka ɓoye, ka tambaya.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan ɓera ya ishe mu.