Gurasar Mai Tafiya

"Wannan ne ɗinkin da kike koyo?"

Littafin Koriyanci ya faɗo gaban Barno daga hannun mahaifinta, saura kaɗan ya kifar da butar shayi.

Ba ta ɗago ba.

"Shahlo, 'yar ajinku, har shago ta same ni," in ji mahaifinta. "Wai benci ɗaya kuke zama da ɗan direban nan, Davron. Ni za ki mayar abin dariya a garin Namangan?"

"Baba, aji ne kawai..."

"Aji! Ya tafi Koriya aiki, ya bar min ke kina gadin waya? Ban ba shi ke ba. Ki gaya masa."

Washegari ta gaya masa, a matakalar ajin da ke saman kantin magani. Ita ta nemo masa wurin koyon Koriyancin, bayan ya gaji da bidiyon waya da wani tsohon littafi mai yagaggen baya. Ta shiga ne kawai don ta riƙa yi masa bita.

"Shahlo ko?" Davron ya yi tsaki. "Don na ƙi raka ta gida."

"Da ka raka ta ai da mun huta."

"Barnota..."

"Kar ka fara, Yaya Davron. Buɗe darasi. Jiya ko farashin tumatir ka kasa tambaya."

Ba ta daina zuwa ba. Mahaifiyarta ke ce wa mahaifin kasuwa ta aike ta.

Sakamakon jarrabawar masu neman aiki a Koriya ya fito da kaka.

Barno ta ci. Davron ya faɗi.

Bai zo aji ba bayan nan. Ita ma ba ta neme shi ba. Da wata masana'anta a Koriya ta ɗauke ta, mahaifiyarta ce ta tari mahaifin.

"Ta ci abin da ya ka da maza. Zaunar da ita za ka yi?"

Ya ɗauki hularsa ya tafi shago. A gidansu, hakan amincewa ne.

Ranar tafiya dangi suka cika tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi. Davron na tsaye a bakin ƙofa. Motar ubansa aka ɗauka haya zuwa filin jirgi.

Mahaifiyarta ta fito da gurasa mai zafi daga tanderu. A al'adarsu, mai tafiya nesa zai gutsura sau ɗaya, a rataye sauran a bango har ya dawo.

Barno ta gutsura. Ta wuce hannun da mahaifiyarta ta miƙo, ta ratsa gwaggonninta, ta ɗora gurasar a hannun Davron.

"Barno! A gidan da mutum zai dawo ake rataye ta!"

"Na sani, Inna."

Dangi suka juya suna kallon mahaifinta.

Davron ya riƙe gurasar da hannu biyu, ya fuskanci mahaifin Barno.

"Baba... in ka ce in mayar, zan mayar."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Ya kalli 'yarsa. Idonta a bushe yake.

"Akwai ƙusa mai ƙwari a gidanku?"

"Akwai, Baba."

"Ka rataye ta sama, inda ɓera ba zai kai ba." Ya juya zai shiga ɗaki, ya tsaya. "Kuma ka koma ajin nan, daƙiƙi kawai. Ba zan aurar da 'yata ga wanda ta fi kai ba."

Barno ta ɗauki jakarta.

"Tayar da motar, Yaya Davron. Za ka sa in makara."