Hotunan Baba Marasa Kai

"Ɗauke min shi daga falon nan," in ji Mama.

Ba ta ɗaga murya ba. Mama ba ta taɓa ɗaga murya, shi ya sa ake shakkarta.

Mai Hoto, saurayina, yana durƙushe a bakin kafet, ya tallabo firam ɗin da hannu biyu. Ranar ce ya fara zuwa gaishe ta, har da sabon ɗinki. Ya dube ni. Ni kuwa na dubi fankar sama.

"Mama, idan launin ne bai yi ba, sai in..."

"Wane ne wannan?"

"Baba ne, Mama."

"Baban wa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Rigar dai tasa ce," ta ce. "Agogon nasa ne, hannun nan da ke kafaɗata ma nasa ne. Wannan kan kuma na waye ka ɗora wa mijina?"

Bari in koma baya kaɗan don a fahimce ni.

Mahaifina direban bas ne na doguwar tafiya. Ya rasu a haɗarin hanya ina da shekara biyu, yanzu ina da ashirin da shida. Hotunansa bakwai ne a gidanmu, suna cikin aljihun keken ɗinkin Mama, a ƙarƙashin zare da allurai. Dukansu bakwai ɗin babu kai.

Ba gaba ba ce, ba kuma wani abin ɓoye ba. Baba ne da hannunsa. Mutum ne da ba ya tuna takarda sai ranar da ake nemanta. Duk sanda aka ce ya kawo hoton fasfo, na lasin ne ko na katin aiki ko na asibiti, sai ya ɗauko hoton gida ya kwantar a tebur, ya sa reza ya yanke kansa tsaf, ya jefa a aljihu ya fice. In Mama ta yi faɗa sai ya yi dariya ya ce, "Ba ga ni nan kina gani kullum ba? Me za ki yi da na takarda?"

Haka muka taso. Ga Baba ya ɗora ƙafa a kan tayar bas, babu kai. Ga Baba ya saɓa Yaya a kafaɗa, babu kai, har da rabin kunnen Yaya ya tafi. Ga shi tsaye a bayan Mama tana zaune tana sinne kai, wata uku da aurensu. In ka ɗaga hoton sama, bangon ɗaki za ka hango ta wuyansa.

In na tambayi Mama kamanninsa, amsar ta danganta da yadda ta tashi. Wata rana ta ce goshin Yaya ne sak. Wata rana ta ce hancina. Ranar da na ɓata mata rai kuwa ta ce taurin kaina kaɗai na gado.

Mai Hoto kuma a kantin maganin da nake aiki muka haɗu. Maganin ido ya zo saya, ya dawo washegari, ya sake dawowa, har sai da na ce masa, "Malam, ido nawa gare ka?" Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, yana warin gam da sabuwar takarda. Tsofaffin hotuna yake gyarawa, waɗanda ruwa ya ci, da waɗanda suka yage, da waɗanda gara ta taɓa. Ƙa'idojinsa biyu ne. Ba ya taɓa ainihin hoto, sai ya kwafe shi a kwamfuta. Kuma ba ya ƙara abin da babu.

Ni na sa shi ya karya ta biyun.

Na saci hoton Mama da Baba daga aljihun keke na kai masa.

"Auta, wannan ba gyara ba ne," ya ce. "Ƙirƙira ce."

"Ka ɗauki goshin Yaya da hancina. Gemu kuma na ƙanen Baba, ga hotonsa a wayata."

"Rabin raina, ki bari. Mutum ba ɗinki ba ne da za a harhaɗa."

"Kana sona ko ba ka sona?"

Tambayar banza ce, na sani. Amma ta yi aiki.

Yamma uku muka yi a gaban kwamfutar. Ina zaune a gefensa ina ba da umarni, ƙara faɗin nan, rage hasken can, ɗan sa shi murmushi. Ni da ban san mutumin ba. Da fuskar ta haɗu, na yi kuka sosai, ya miƙo min tsumman goge gilashi don babu hankici. Ni na ce a wanke shi babba. Ni na zaɓi firam. Ni kuma na ce ya kai wa Mama kyauta ranar gaisuwa, wai zai sace zuciyarta.

To ga yadda ya sace ta.

"Wa ya ba ka hoton?" Mama ta tambaye shi.

"Ni na roƙa, Mama. Karambanina ne. A yi min afuwa."

Ya tashi ya fita da firam ɗin a hammata. Ban raka shi ba, ban kuma ce uffan ba.

Kwana uku Mama ba ta ta da zancen ba. A na huɗu, da hantsi, tana kan keke tana dajiyar wani zani, ta tsaya da ƙafarta.

"Kin san abin da yaron nan ya yi min?"

"A'a, Mama."

"Shekara ashirin da huɗu, in na rufe ido ina ganin mahaifinku. Ban taɓa nema na rasa ba. Tun ranar nan, in na rufe ido wancan baƙon nake gani. Na kore shi, ya ƙi tafiya." Ta gyara zaren da ya sarƙe. "Hotuna ya bar min marasa kai, ban damu ba, don kan yana wurina. Yanzu shi ma an ɗauke."

"Mama..."

"Kar ya sake taka min gida. Kin ji ni?"

"Na ji."

Maganar tana bakina, wallahi. Na ji ta a kan harshena. Sai na tashi na ce ruwa na bari a wuta.

Yaya ya bugo da yamma daga garin da yake aiki. "An ce an ari goshina ba a tambaye ni ba," ya ce. Da ya ji ban yi dariya ba sai ya sauke murya. "Auta, kin san Mama. In ta rufe ƙofa, ba ta waiwaye. Ki fara shirya zuciyarki."

Na je shagon Mai Hoto washegari. Na same shi yana cire tabon ruwa daga fuskar wata tsohuwa a kwamfuta. Firam ɗin yana jingine, fuskarsa ga bango.

"Me ya sa ba ka faɗa mata ni ce ba?"

"Ke me ya sa?"

Na juya na dubi firam ɗin.

"Uwa ɗaya gare ki," ya ce. "Ni in ta tsane ni, baƙo ta tsana."

"To shi kenan? Mun rabu?"

"Sanyin idona, zauna." Ya jawo min kujera da ƙafa. "In aka kawo min hoto da ya yage, kafin in taɓa komai, tambaya ɗaya nake yi, ina ɗaya ɓangaren? Sau tari yana ƙasan akwati, ba a dai duba ba ne. Ke kaɗai ce ban yi wa tambayar ba, don kin rikita ni. Ina kawunan suka tafi?"

"Suka tafi kamar yaya?"

"Ba zubarwa ya yi ba. Manna su aka yi a jikin takardu. Takarda kuwa ba ta cika mutuwa ba."

Ban ga alamar nasara a ciki ba, na kuma faɗa masa. Ya ce ba ra'ayina ya tambaya ba, sunan kamfanin da Baba ya yi wa aiki ya tambaya.

Lasin ya tafi tare da Baba a motar. Asibitin da yake zuwa ya koma makaranta. Kamfanin bas ɗin an sayar da shi sau biyu, an canza masa suna da fenti. A can aka ce wa Mai Hoto ya dawo jibi, jibin ya zama mako, har wani dattijo mai kula da takardu ya gaji da ganinsa ya buɗe masa sito a bayan garejin. Buhuna ne jibge har rufi, babu tsari, babu shekara.

Kullum ƙarfe biyu yake rufe shago ya tafi. Yana dawowa da atishawa da jan ido, ya biyo ta kantinmu.

"Yanzu kam da gaske maganin ido nake nema," ya ce.

Mako bakwai aka yi haka. Ni kuma ina gida da Mama, muna gaisawa, muna cin abinci a faranti ɗaya, tana ramewa a hankali. Na sha ganinta ta rufe ido a kan keke, ta daɗe, ta buɗe da sauri kamar wadda ta taɓa wuta. Na san abin da take nema. Na san kuma wanda ya jawo. Kunya nake ji, irin wadda ba ta hana mutum cin abinci, sai dai ta hana shi jin ɗanɗano.

Wata Asabar da tsakar rana ya kira ni. "Ina ƙofar gida. Ba zan shigo ba."

Na same shi tsaye a rana, duk ƙura a gashin girarsa. Ya miƙo min ambulan.

"Kar ki buɗe. Ita za ta fara gani."

"Ka same shi?"

"Na sami wani. Sunan dai ya yi daidai. Ita kaɗai za ta ce shi ne ko ba shi ba. In ba shi ba ne, gobe in koma."

Mama tana yankan yadi a ƙasa. Na ajiye ambulan ɗin kusa da almakashinta.

"Daga wa?"

"Daga shi."

Na ɗauka za ta ture. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta farke bakin. Katin ma'aikaci ne, ya yi ruwan ƙasa, tsatsar fil ta ci kusurwarsa. Daga inda nake tsaye bayansa kawai nake gani.

Ta laluba ta sa tabarau. Ta matsa wajen taga.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na dai ji mai kayan miya ya wuce, ya je ƙarshen layi ya dawo.

"Yaro ne," ta ce.

"Ba shi ba ne?"

"Shi ne. Shi ne mana." Ta shafa katin da babban yatsa. "Ashe yaro ne... Yayanki ya girme shi. Ni da nake ganinsa da furfura a gemu, da 'yan layuka a goshi. Yaushe ya yi furfura? Bai kai ba."

Ta zauna a bakin kujera.

"Ashe ni ma gyara shi nake ta yi duk shekarun nan. Ina tsufa, ina jan shi."

A nan maganar ta fito, ba tare da na shirya ta ba.

"Mama, ni ce. Ni na ɗauki hoton. Ya ƙi, na matsa masa. Ni na ce goshin Yaya, ni na ce hancina, ni na..."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Wa ya san aljihun keken nan in ba ke ba?" Ba ta ɗago ba. "Fushi da ɗan wani ya fi min sauƙi."

"Ki yafe min."

"Ke za ki yafe min, Auta. Ni ina da shi a ido, sai na ɗauka kowa yana da shi. Ban taɓa zama na yi tunanin ke ba ki da ko ɗaya ba." Ta cire tabarau ta goge da gefen zani. "Yaron nan yana ina?"

"Yana ƙofa."

"A wannan ranar? Je ki shigo da shi kafin ya narke. Ki ce masa kuma ya gaya wa iyayensa ina jiransu." Sai ta miƙo min katin. "Amma ungo tukuna. Gai da babanki."

Na karɓa da hannu biyu.

Siririn mutum ne. Hatimin kamfani ya hau rabin haɓarsa. Ba goshin Yaya ba ne, ba kuma hancina ba. Yana dariya da baki buɗe, irin dariyar da ba a yi a hoton aiki, akwai wushirya a haƙoransa. Kunnuwansa kuwa manya, sun buɗe gefe da gefe, irin nawa da nake ɓoyewa a ɗankwali tun ina firamare. Ba wanda ya taɓa faɗa min.

"Sannu, Baba," na ce.

Na durƙusa a kan yadin da Mama ke yanka, hawaye yana ɗiga a kai, ba ta hana ni ba.

"Auta, yaron mutane yana rana."

"Bari tukuna, Mama. Bari in ƙara ganinsa."

Sai da Mai Hoto ya ƙara rabin awa a ƙofar gida. Daga ƙarshe Mama ce ta yafa mayafi ta fita da kanta ta shigo da shi.